Kwana Ukun Manzon Kirwai

A shekara ta tara da hawan Sarki Tanimu ɗan Bagudu gadon Gumbara, wata Litinin da hantsi, manzon alƙalan Kirwai ya iso ƙofar birni a kan alfadari, da farar sanda a hannu, da takarda mai hatimi a cikin gafaka. Sunansa Malam Ilu. A bayansa wata tsohuwa ce tafe a ƙasa, duk faso ya cinye mata dugadugai. Ita ce Magajiya Kuluwa, mai riƙe da Kwarin Giginya, kuma saboda ita aka rubuta takardar.

Kwarin Giginya fadama ce mai rijiya biyar da gida wajen ɗari uku, tana tsakanin Gumbara da Shirwata, tafiyar rabin yini ga mai doki daga kowane birni. Tun kaka da kakanni mutanen kwarin Gumbara suke bi. Sai Sarki Barmo na Shirwata ya wayi gari ya tuna wai kakansa ne ya haƙa rijiyoyin. Damina biyu yana kai hari. Ya ƙone rumbuna, ya kashe mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da babban ɗan Magajiya. Ya kuma shiga turo talakawansa suna kakkafa bukkoki a bakin fadama, don gobe a ce ai can aka same su.

Shi Kirwai birnin malamai ne, ko dogari mai bulala ba shi da shi. Ƙarfinsa rantsuwa ce. Sarakuna bakwai na yankin sun dafa Alƙur'ani cewa duk rigimar iyaka can za a kai ta, wanda kuma ya taka hukuncin alƙalai, sauran shidan su taru masa. Sai dai shari'ar Kirwai ba ta sauri, wadda aka gama ta ƙarshe shekara goma sha ɗaya ta ci. Saboda haka alƙalan suke fara aiko da abin da ake kira takardar dakatawa: kafin a yanke hukunci a mayar da takobi kube, wanda yake riƙe da wuri ya ci gaba da riƙewa. Takardar ba ta aiki sai an karanta ta a fadar sarakunan biyu, kuma ranar karatu na ƙarshe ita ce ranar da ake duba wa ke riƙe da me. Wannan kowa ya san shi, har masu tallan fura.

Da Magajiya ta ga fada sai gobe sai jibi ake yi mata, ta nemi izinin Sarki ta tafi Kirwai da ƙafarta. Kwana goma sha tara ta yi tsakanin zuwa da dawowa. Ta durƙusa gaban alƙalai ta faɗi abin da ya samu kwarin, ta roƙe su su hana Barmo cusa musu baƙi. Suka saurare ta, suka rubuta takarda biyu, suka tashi manzanni biyu a rana ɗaya. A ranar da Malam Ilu ya shiga Gumbara, kwarin yana hannun Gumbara, Sarkin Baka Arzika na tsaronsa da maharba sittin, gero kuma ya fara nuna. Abin da ya rage kawai a buɗe takarda a karanta, aikin da bai kai tsawon dahuwar koko ba.

To, a nan ne Gumbara ta nuna halinta.

Akwai wata al'ada a fadar. Kakan Sarki Tanimu ya taɓa sare kan wani manzo saboda zafin saƙon da ya kawo, abin ya jawo yaƙin shekara bakwai. Da ya tsufa ya yi nadama, ya kafa doka cewa manzon da ya zo daga wata ƙasa ba a jin saƙonsa sai ya kwana uku yana cin abincin Sarki, domin wanda ya ci gishirin gidan kwana uku ba a zubar da jininsa. Doka ce mai kyau a ranar da aka yi ta. Amma fadawa sun daɗe da manta dalilinta, sun riƙe tuwon.

Waziri Cindo ne ya tarbi manzo. Mutum ne mai tattausar murya da bai taɓa kwana a wajen ganuwa ba. Ya sa aka sauke Malam Ilu a soron baƙi, aka yanka masa rago.

Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode da karamci. Amma abin da na ɗauko ba ya son kwana. A kai ni gaban Sarki in sauke shi, in ya so in ci ragon daga baya."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nan Gumbara ce. Sai Alhamis, in Allah ya kai mu."

Washegari Talata, ƙudan zuman da suka shekara arba'in a kukar ƙofar fada suka tashi gaba ɗaya suka bar kogonsu. Tsofaffin gari suka sha jinin jikinsu. Masu duba na fada kuwa suka buga ƙasa suka ce alamar baƙo mai albarka ce, don sun san abin da ake son ji. Kafin azahar ɗan aiken Sarkin Baka ya iso, dokinsa na kumfa. Ya ce an karanta wa Barmo tasa takardar tun jiya, a tsaye a tsakar fada, manzon ko ruwa bai sha ba. Ya ce daga nan aka buga gangar yaƙi a Shirwata, yanzu haka dakaru na taruwa a bakin iyaka.

Sarki ya kira majalisa. Magajiya ta zauna daga bakin zaure, inda dagatai ke zama.

Madawaki Tunau, shugaban mayaƙan Gumbara, shi ya fara magana. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Barmo ya san gidanmu fiye da yadda muka san shi. Ya san manzo zai kwana uku. Ya saurari tasa takardar don a ce ya bi alƙalai, ya kuma san ba ta ɗaure shi sai an karanta tamu. Kwana uku muka ba shi kyauta. Abu biyu ne, Zaki. Ko a kira Malam yanzu ya karanta, ko a ba ni mutum ɗari biyar in kwana a kwarin."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Madawaki mutumin fama ne, komai a bakin mashi yake ganinsa. In muka fitar da runduna alhali manzon Kirwai na ƙarƙashin rufinmu, me sarakuna shida za su ce? Za su ce Gumbara ta kai ƙara da hannun dama, ta zare takobi da na hagu. In kuma muka kira manzo yau, mun rushe abin da kakanka ya gina, mun nuna wa duniya cewa ganga ɗaya aka buga a Shirwata muka rikice. Sarauta ba a yin ta da rawar jiki. Barmo ba zai yi gangancin kai hari ba bayan ya ji kalmar alƙalai da kunnensa."

Sauran hakimai suka yi ta gyaɗa kai, kowa na satar kallon fuskar Sarki ya ga inda ta karkata. Magajiya ta rarrafo ta faɗi ta yi gaisuwa.

Ta ce, "Zaki, a gafarce ni, ni baƙauya ce, ban iya maganar fada ba. Kakanka ya yi dokar nan ne don kada a kashe manzo. Wa zai kashe Malam Ilu? Da izininka na je na taho da shi, alheri ya kawo maka. Su kuwa waɗanda za a kashe na san sunayensu, ni na yi wa rabinsu wankan jego. Na binne ɗana bara, ban zo na yi maka kuka a nan ba. Yau na zo. Takarda ce, Zaki, layi nawa ne? A karanta ta, a ci gaba da ba Malam tuwonsa har wata guda in ana so."

Sarki Tanimu ba mugu ba ne, kuma na fi jin haushinsa saboda haka. Mugu aƙalla ya san abin da yake yi. Shi wannan tsoro ɗaya gare shi a duniya, kada a ce a zamaninsa aka bar wani abu na gidan. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Magajiya, mun ji kukanki, kuma kwarin namu ne kamar yadda yake naki. Amma dokar kakanmu ba don manzo kaɗai aka yi ta ba, don Sarki aka yi ta. Ba za a ce Tanimu ne ya fara karya ta ba. Ranar Alhamis za a karanta. Madawaki, ka tara mutanenka a cikin ganuwa, amma kada ƙafa ɗaya ta fita."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki! An gaishe ka!"

Da aka watse, Magajiya ta wuce soron baƙi. Ta tarar da Malam Ilu zaune gaban akushi uku, bai taɓa ko ɗaya ba. Ta ce ya fito dandali ya karanta wa jama'a, ai kunne kunne ne.

Ya ce, "Iya, da yana yiwuwa da tun jiya na yi. Na rantse ba zan fasa hatimin nan ba sai gaban Sarki da majalisarsa, ba kuma zan faɗi abin da ke ciki ba kafin nan. In na karanta a dandali, takardar banza ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da za ki ji shawarata, da kin kama hanya yau kin koma gida. Yau ɗin nan, Iya."

Ta dube shi sheƙeƙe. Ta ce, "Kai ma korata za ka yi, Malam? Kwana goma sha tara na yi a hanya saboda takardar nan. Ba inda za ni sai na ji ta da kunnena. In na tafi, wa zai tsaya musu a kai?"

Ta juya ta fita, ta je ta zauna a ƙofar fada cikin rana, don duk hakimin da zai shiga ya gan ta.

Ranar Laraba, rana na fitowa, rundunar Shirwata ta gangaro Kwarin Giginya, mutum ɗari takwas, 'yan lifidi a gaba, 'yan mashi a baya. Sarkin Baka Arzika ya raba maharbansa sittin a kan giginyu da bayan shingen gonaki. Karon farko dawakin Shirwata suka afka cikin laka, kibau suka sauka a kansu, suka juya da gudu suka bar mutum talatin a kwance. Karo na biyu ma haka. Matan kwarin suka yi ta kai ruwa, suna tsinto kibau daga jikin gawarwaki suna mayar wa maharba. Duk bayan karo Arzika sai ya hau tudu ya duba hanyar Gumbara. Ya aika tun jiya, ya san Madawaki, ya tabbata yana tafe.

A daidai wannan lokacin, a fada, ana gardama ne a kan ko rigar da za a ba manzo ta zama saƙi ko tsamiya.

Da azahar kibau suka ƙare. Maharba suka sauko suka kama wuƙaƙe da fatanya, aka yi ta ɗauki ba daɗi daga rijiya zuwa rijiya. A bakin rijiya ta uku aka soke Arzika, fuskarsa na kallon hanya. Kafin la'asar tutar Barmo na kan rumbun Magajiya. Ba su ƙone komai ba wannan karon, ba su kori kowa ba. Me zai sa su ƙone abin da ya zama nasu?

Alhamis da safe aka share fada, aka shimfiɗa kilisai, aka busa kakaki. Aka shigo da Malam Ilu cikin sabuwar rigar tsamiya, ya tsaya gaban Sarki da gafakarsa. Bai kai ga zaro takardar ba sai aka ji hayaniya a ƙofa. Wani dattijon maharbi mai suna Nomau ya kutsa cikin dogarai, hannunsa ɗaya naɗe da tsumma, ya zube gaban karaga.

Ya ce, "Zaki, kwari ya faɗi. Sarkin Baka ya riga mu gidan gaskiya. Cikin mu sittin, mu tara muka rage. Mun yi ta duban hanya, Zaki."

Madawaki ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban Sarki. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada a karanta! Shekaranjiya na roƙa a karanta, yau ina roƙo a dakata. In aka fasa hatimin nan yanzu, kwarin ya zauna a hannun Barmo har a gama shari'a. Mutanena na nan a shirye tun Talata. A mayar da Malam masauki, a ƙara masa kwana biyu. Jibi war haka na kore su, sannan a karanta."

Waziri ya rasa abin kamawa sai abin da ya saba. Ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, dokar kwana uku ce, ba huɗu ba. Manzon da ya wuce kwana uku ba a ji shi ba, tsare shi aka yi. Ba a taɓa yi ba."

Madawaki ya ce, "Waziri, maharba hamsin da ɗaya ma ba a taɓa kashe mana su a yini guda ba, sai jiya!"

Sarki ya dubi manzo kamar mai neman a cece shi. Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ranar Litinin na roƙa, ranar Talata na roƙa. Yanzu ga ni gaban Sarki da majalisa, an kuma faɗa a kunnena cewa za a jinkirta ni ne don a je a yi yaƙi. In na koma masauki, dole in faɗa wa alƙalai dalili, sarakuna shida kuma za su ji. Ba ni da ikon in mayar da ita gafaka."

Ya fasa hatimi ya karanta. Layi tara ne. Daga wannan rana kada wanda ya zare makami a Kwarin Giginya. Wanda ke riƙe da kwarin yau ya ci gaba da riƙewa, amana a hannunsa, har a yanke hukunci. Kada a kori kowa daga cikinsa. Sai layi na ƙarshe, wanda alƙalai suka ƙara saboda roƙon Magajiya game da baƙin da Barmo ke cusawa: duk wanda ranar karatu ba ta same shi a cikin kwarin ba, daga kowace ƙasa yake, ko wane ne shi, kada ya shiga sai an gama shari'a.

Magajiya ta ɗaga kai a hankali ta dubi Malam Ilu. Shi kuwa ya kasa dubanta.

Madawaki ya kwance takobinsa ya ajiye a gaban karaga, ya fita ba tare da sallama ba. Mutum ɗari biyar da suka kwana biyu da sirdi a kan dawaki suka kwance suka koma gidajensu. Ba wanda ya ce "Gaskiyarka, Zaki" a wannan karon, amma ba wanda ya ce wani abu dabam kuma.

Ranar Asabar Malam Ilu ya isa bakin kwarin don ya kafa farar sanda, kamar yadda aikinsa ya tanada. Ɗaya manzon na jiransa a can tare da Barden Shirwata. Magajiya ta biyo shi a ƙasa, kamar yadda ta biyo shi daga Kirwai. Aka haƙa rami a inda hanyar Gumbara ta shiga fadama, aka kafa sandar. Daga nan ana hango rufin gidanta, ga gonarta ta gero dab da sandar ta sunkuyar da kai, ga sabbin kaburbura a jere kusa da rijiya ta uku. Matan kwarin suka fito suka tsaya nesa, wasu suka ɗora hannu a ka.

Ta ɗaga ƙafa za ta wuce sandar. Barde ya sha gabanta, ya rusuna da ladabi, ladabin da ya fi mari ciwo.

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Mu masu biyayya ne ga alƙalai. Ranar karatu a ina ta same ki?"

Ta juya ga manzo ta ce, "Malam, abin da kake gaya mini ke nan ranar Talata."

Ya ce, "Shi ne, Iya. Rantsuwa ta ɗaure mini baki. Zan kai kukanki gaban alƙalai da kaina, wallahi zan kai."

Ta ce, "Shekara nawa?"

Ya ce, "Allah ne masani."

Ta dubi alfadarinsa. An ɗora masa kayan sallama daga fada, goro da riguna da tulun zuma, har dabbar na nishi. Waziri ya haɗo da saƙo cewa a shaida wa alƙalai yadda Gumbara ke karrama baƙo.

Ta ce, "To ka isar da saƙon Waziri, kada ka rage komai. Ka ce musu an yanka maka rago. Ka ce kwana uku cur aka yi maka, ba a tauye ko ɗaya ba. In sun tambaye ka nawa aka kashe a hidimar, ka ce mutum hamsin da ɗaya da Sarkin Baka."

Ta kwance ɗan ƙunshinta, ta shimfiɗa zane a gindin sandar ta ɓangaren Gumbara, ta zauna tana fuskantar gida. Da yamma dakarun Shirwata suka shiga gonarta da lauje, tana kallo. Daga baya Nomau da sauran maharba takwas suka kafa mata bukka a wurin, matan kwarin kuma kullum sai su kawo mata ruwan rijiyarta su ajiye a gindin sandar, ta miƙa hannu ta ɗauka.

Shari'ar Kwarin Giginya ta ci shekara tara a Kirwai, kuma Gumbara ce ta yi nasara. Magajiya Kuluwa ta ga biyu daga cikin shekarun. A nan gindin sandar aka binne ta, taku huɗu daga gonarta.